Tarin da Aka Ji a Baƙin Akwati

Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Ko filin jirgin garin nan sau biyu na taka shi, duka biyun kuma rakiya ce. Amma in ka tashe ni daga barcin rana ka ce in faɗa maka abin da ake yi idan wuta ta ɗauke wa jirgi yana sama, zan jera maka shi daga fari har ƙarshe. Ƙanina ne ya ɗura mini shi a ka, autan gidanmu, wanda na goya bayan rasuwar innarmu. Mataimakin matuƙi ne. Shi ke zama a kujerar dama, kumandan yana ta hagu.

Duk kwanjen da ya samu, wato hutun aiki, nan Birni yake yin sa, a ɗakin da ke kusa da zaure. Lokaci-lokaci ana yi musu jarrabawa, to in ta matso sai ya addabe ni. Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya shiga madafa ya kwashe mini murafen kwanoni, ya jera su a gabansa. Murfin samira ja shi ne gurup na hagu, wato janaretan da ke ba da wuta, shuɗi na dama, murfin butar shayi kuma batir.

"Yaya, zo ki zama kumandan."

"Kumandan da tukunya a kan wuta?"

"Ai kin daɗe kina kumandan a gidan nan, albashi ne kawai ba a ba ki."

Ni lakwal, makarantar boko, aji uku na yi aka cire ni, amma Allah ya ba ni kunne. Abin da ya shiga sau biyu ya zauna ke nan. Shi ya sa nake jin daɗin bayaninsa, don yana yi mini shi daidai kaina. Ya ce jirgi kamar gidan wani alhaji ne mai gurup biyu, kowane inji da nasa. In ɗaya ya lalace sai a raba shi da injinsa, ɗayan ya ɗauki nauyin gidan. In duka biyun suka tafi, saura batir, shi kuwa bai fi rabin awa ba. Makunnin rabawar yana da marfi a kansa, saboda in aka danna shi an danna ke nan, ba ya komawa sai jirgi ya sauka makanikai sun sa hannu. Abin da ake tsoro shi ne mutum cikin gaggawa ya raba mai lafiyar ya bar mataccen. Don haka ba a taɓa shi sai mutum biyu. Ɗaya ya karanta daga takarda, ɗaya ya ɗora yatsa, mai karatun ya duba da idonsa ya ce ya yarda, sannan a danna.

Da Hausa ya fara koya mini. "Gurup na hagu." In ɗora yatsa a kan jan murfi in ce, "Na hagu, ga shi." Ya duba ya ce, "Na yarda." In kife murfin. Bayan nan sai ya koma yaren jirginsu, wanda ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma na san tashinsa da saukarsa kamar yadda na san kiran sallar ladanin unguwarmu.

Wata rana hankalina yana kan miya, ina jin tana neman kamawa, sai na ɗora yatsa a kan shuɗin murfi maimakon jan. Bai ce mini komai ba. Ya yi gyaran murya, ɗan ƙarami, daga can ƙasan maƙogwaro, ya sake karanta layin a hankali. Nan take na janye hannuna na mai da shi kan jan. Na yi dariya na ce, "Kai, ɗan gidanmu! Duk yawon duniyar nan ba ka manta tarbiyya ba." Shi ma ya yi dariya. Na tashi na sauke miyata.

Wannan gyaran murya gadon gidanmu ne. Babanmu baduku ne, a zauren nan yake aikin fata, kuma mutum ne da ba a gyara masa magana. Ba mugu ba ne, haka ya taso a hannun nasa uban. In ya ɗauko wuƙa zai yanka fata ba a kan layi ba, wanda ke kusa ba ya cewa "Baba, ka yi kuskure." Sai ya yi gyaran murya, ya maimaita awon da mai kaya ya bayar, kamar da kansa yake magana. In Baba bai ɗago ba, ya ƙara gyaran murya sau ɗaya. Daga nan sai shiru, ya fita haƙƙinsa. Baba kuwa yana ji sarai. Sai ya tsaya, ya sosa gemu, ya gyara wuƙarsa kamar shi ya gano.

Auta yana da shekara tara ko goma, wani kawunmu ya zo daga Zermu yana ba da labari a zaure, ya ambaci ranar kasuwar wani ƙauye ba daidai ba. Auta ya ce, "A'a, Kawu, ba ranar ba ce." A gaban mutane. Ina bayan ƙyaure na ji. Na kira shi ciki, na buge masa baki da bayan hannu har leɓensa ya fashe. Ni na wanke masa jinin da kaina, ina wankewa ina koya masa: gyaran murya, maimaitawa, gyaran murya, shiru. Ban sake jin a'a ta fito daga bakinsa zuwa ga babba ba. Mutane suna yaba shi, ni kuma ina jin daɗi.

Ranar da abin ya faru da damina ne. Ina tankaɗe a tsakar gida da la'asar sai na ji tafiyar maigidana a zaure, a lokacin da ba ya dawowa daga kasuwa. Yana jan ƙafa ɗaya kamar an ɗaura mata dutse. Tun kafin ya yi sallama na sani. Ya tsaya a kaina ya ce jirgin su Auta ya faɗi a daji, can wata ƙasa ta kudu, ba wanda ya fita. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai na ga saura garin kwano ɗaya, na ƙarasa tankaɗe shi, na rufe, na ɗaga shi sama kada kaji su shiga.

Ban yi kuka ba, ranar ko bayanta. Dangi suka zo daga Zermu da Gaffati, gida ya cika, ni ke auna gero ina cewa a ƙara ruwa a randa. Kunnena dai bai daina aiki ba. Ina zaune ina rarrabe kukan mata: wannan daga ciki yake, wannan na kara ne, wannan nata mamacin ta tuna. Bayan kwanaki aka kawo akwatin ƙarfe a liƙe, aka ce ba a buɗewa. Maza suka kai shi. Na share ɗakinsa na ja ƙofa.

Sai bayan kaka, an gama kai gero rumbu, baƙi biyu suka yi sallama da hantsi. Namijin mai furfura ne, daga ofishin binciken haɗarin jirage, Hausarsa ta wajen Maraɗi, irin ma'aikatan nan da muke ce wa mushe da Faransanci. Macen Baturiya ce, ya ce likita ce mai nazarin halin matuƙa. Sun riga sun ga matar Auta a Yamai, ita ta ce musu kwana biyu kafin tashinsa daga wurina ya komo. Maigidana ya shigo da su gindin darbejiya. Na ba Baturiyar kujera ƴar tsugunne, ta rasa yadda za ta yi da gwiwoyinta.

"Hajiya, Allah ya jiƙan musulmi. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin, mushe. Amma ban je ba tukuna. Wanda ya ce zai kai ni shi kuka zo tambaya."

Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ba don in sosa masa rai na faɗa ba, gyara ne kawai.

Suka yi ta tambaya, tana faɗa yana mayar mini da Hausa. Me ya ci? Tuwon gero da miyar kuka, da kilishin da yake saya a bakin kasuwa ya ɓoye mini kamar zan cinye. Yana barci sosai? Har minshari, ina ji daga ɗakina. Ya yi faɗa da wani? Da wa zai yi? Yana shan magani? A'a. Ina ba su amsa kamar ana tambayata kuɗin tumatir.

Daga nan mushe ya rufe littafinsa ya gaya mini abin da suka gano, ya ce haƙƙina ne in sani. Baƙaƙen akwatuna biyu suka tono a wurin, ɗaya mai riƙe magana, ɗaya mai riƙe duk abin da aka taɓa a jirgin. Gurup na hagu ne ya lalace suna tsakiyar hadari. Aka ɗauko takarda, Auta yana karantawa. Kumandan, dattijo ne da ya daɗe a aikin, tsohon soja daga wata ƙasa, ya danna na dama. Akwai wani ƙaramin gurup na taimako, suka yi ta fama da shi bai tashi ba. Batir ya riƙe su iyakar ƙarfinsa. Da ya ƙare, allunan gabansu suka mutu, ga gajimare ta ko'ina, ba su san sama daga ƙasa ba.

Na ce, "Ya kife shuɗin ke nan."

"Na'am?"

"Ba komai. Ci gaba."

Ya ce abu ɗaya ne ya tsaya musu. Dab da danna makunnin an ji ƙanina ya yi tari sau biyu. Tarin ya sa suna zargin ko wata waya ce ta ƙone hayaƙi ya cika musu wuri har ba su ga abin da suke taɓawa ba. Wata da watanni suna neman alamar ƙuna a tarkacen ba su samu ba, kuma akwai makanikai biyu da aka dakatar daga aiki, suna zaune a gida ana jiran a ga ko laifinsu ne. In kuwa mura yake yi, to tarin ba komai ba ne, sai a rubuta cewa su biyun ba wanda ya lura, a rufe wannan babin.

"To shi ne, Hajiya, da ya bar nan yana tari?"

Maigidana ya matso ya yi ƙasa da murya. "Ki ce e. Damina ce, wa bai yi mura ba? A bar bawan Allah ya huta."

Na ce bari in kawo musu fura. Na shiga madafa na tsaya. Ban ji komai a ƙirjina ba, ko bugu. Na dai san abu biyu. In na ce mura, za a rubuta Auta bai gani ba, kuskure ne irin na kowa, mutane su ce ƙaddara. In na faɗi abin da na sani, za a rubuta ya gani da idonsa, jirgi cike da mutane a bayansa, bai buɗe baki ba. Kuma za a yi ta karanta wannan a ƙasashen da ba su san shi ba. Furar tana nan a ƙwarya, ludayi a kai. Idona ya faɗa kan jan murfin, ga shuɗin a ƙarƙashinsa. Su na ɗauko, da na butar shayi.

Na jera su a kan tabarma. Maigidana ya ce, "Ina furar?" Ni kuwa na juya wajen baƙon.

"Mushe, zauna nan ta hagu. Kai ne kumandan. Wannan na hagu, wannan na dama. In na karanta, ɗora yatsanka a kan shuɗin."

Ya dubi Baturiyar, ya dube ni, ya tattare babbar rigarsa ya zauna. Na karanto layin da yaren jirgi, da irin tashin muryar Auta, yadda yake jan ƙarshen kalma. Mushe ya ɗora yatsa. Na yi gyaran murya, ɗan ƙarami, daga ƙasan maƙogwaro. Na sake karanta layin, a hankali fiye da na farko. Na jira kamar numfashi biyu. Na ƙara gyaran murya. Na yi shiru.

Alƙalamin Baturiyar ya faɗi a kan rairayi, ba ta ɗauka ba. Ta yi magana da sauri-sauri. Mushe bai fassara ba, yatsansa yana nan a kan murfin.

"Hajiya, wa ya kunna miki muryar? Ba a fitar da ita ba. Ko matarsa ba ta ji ba."

"Ba wanda ya kunna mini. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne. Har tsawon shirun."

"To ba tari ba ne. Ba hayaƙi, ba mura. Ku sallami makanikan nan su koma aikinsu. Ce wa kumandan yake yi hannunka ba a wurin yake ba."

Na ba su labarin zauren babanmu da wuƙarsa, da kawunmu na Zermu, da leɓen da na fasa. Ina faɗa yana juyawa, tana rubutawa da wani alƙalamin da ta ciro daga jaka. Ta sa ya tambaye ni ko kumandan zai iya gane wannan alama. Na ce ina zai gane, a gidanmu ya girma? Ni da na sani, ranar da na yi kuskuren nan a kan tabarmar nan, tun gyaran muryar farko na janye hannu.

Sai ni ma na yi tawa tambayar. "A cikin akwatin, ya ce ya yarda?"

Mushe ya ce, "A'a. Wannan ma ya ɗaure mana kai. Bai faɗa ba. Kumandan ya ji shiru, ya danna."

"Ba zai faɗa ba, ba ya ƙarya. Ɗayar kalmar ce ba mu bar masa ba."

Baturiyar ta tambaya wa ya koya masa yin haka. Ai na riga na faɗa, amma ina jin so take ta ji da kyau. Na ce ni ce. Ta rubuta.

Da suka miƙe za su tafi na bi su har zaure, abin da ban saba yi wa baƙi maza ba. Na ce, "Mushe, ya samu kalmar shahada?" Ya ce ya samu. Ya ce har batir ya ƙare yana karanta takardar layi bayan layi, muryarsa ba ta rawa, akwatin bai riƙe abin da ya biyo baya ba, amma kafin ya yanke an ji ya yi ta. Na ce alhamdu lillahi. Na koma na tarar fura ta tsinke, na bar ta har almuru, na zuba wa awaki.

Maigidana kwana biyu bai yi mini maganar ba. A na uku yana wanke hannu ya ce, "Kin ɗora wa mamaci kaya." Na ce kayan nawa ne, shi dako ya yi mini. Ya share hannunsa ya fita. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Rahoton ya fi shekara kafin ya fito. Matar Auta ta aiko mana da shi, mai kauri kamar bulo, da Faransanci. Babbar ƴata, wadda ta yi lise, babbar sakandare, ta zo daga gidan mijinta ta karanta mini wurin da aka ja wa layi. An rubuta ba a sami alamar hayaƙi ba. An rubuta mataimakin matuƙi ya lura da kuskuren, ya nuna ta hanyar da ba ta fito fili ba, bai hana ba. An ba da shawara a riƙa koya wa ƙananan matuƙa su faɗi magana kai tsaye ko da wa suke zaune. Na sa ta duba ko'ina, gaba da baya. Ba a sa ni ba, ba a sa babanmu ba. Shi kaɗai ne a wurin.

Ta rufe takardar tana share hawaye da bakin mayafi. Na ce ta taso ta taya ni, rana ta yi. Muna madafa, na riga na sa wa miya gishiri, ita ma ta gani. Na sake ɗebo wani a tafin hannu na kai kan tukunya, ban sani ba ko mantuwa ce ko da gangan. Sai na ji daga bayana, ɗan ƙarami, daga ƙasan maƙogwaro.

"Inna, miyar nan kamar ta ji gishiri ɗazu."

Ban janye hannun ba. Tururi yana dukan bayan hannuna. Na jira. Ta ƙara gyaran murya, ta yi shiru. Mace mai ƴaƴa uku.

Na ce, "Ce mini a'a."

"Na'am, Inna?"

"Ce a'a, Inna, kada ki zuba. Faɗi da bakinki."

Ta yi ƴar dariya ta kauda kai. "Haba Inna, ni? Wane ni."

Na tsaya har hannuna ya fara zafi. Ba ta faɗa ba. Na buɗe tafin, gishirin ya zube. Da rana muka zauna mu duka muka ci tuwon da miyar haka nan, kowa yana kurɓar ruwa, ba wanda ya ce komai.